Ranar da Wuƙaƙen Kwarin Tama Suka Daina Ci

A wata kaka, tun zamanin da maƙera ke haƙo ƙarfensu da hannunsu daga cikin ƙasa, mutanen Kwarin Tama suka wayi gari babu wuƙar da ke ci a garin. Mahauci ya kayar da sa, ya yi bisimilla, ya goga, ya sake gogawa, har san ya gaji da jira ya tashi ya kaɗe jikinsa. Wanzami ya jiƙa kan liman, aska ta yi ta zamewa kamar mai ake shafa masa. Mata suka koma ɓalla kuɓewa da hannu. Da farko abin dariya aka ɗauke shi. Dariyar ta tsaya ne da manoma suka dawo da hantsi, kowa da magirbi da lauje a kafaɗa, babu wanda ya kayar da kara ɗaya. Ga gero ya nuna, ga tsuntsaye jan-baki sun fara sauka garke-garke. Tsofaffi suka ce in aka kwana uku a haka, bana sai dai a ci ƙaiƙayi.

Mutum ɗaya ne a garin bai yi dariyar ba tun farko, shi ne Tunau maƙeri. Tunau gwani ne, wannan ba a musu, sai dai shi ya fi kowa sanin haka. Bara mahaifinsa Jatau ya rasu ya bar masa maƙera. Jatau kuwa mutum ne shiru-shiru, wuƙaƙensa suna ci, suna daɗewa, amma ba su da wani ado da za a tsaya kallo. Kowace shekara in an narka tama, sai ya shige ɗakin baya ya kulle kansa wata guda, ya ce bayansa ke ciwo. Tunau kan yi wa abokansa dariyar wannan ciwon baya mai zuwa da lokacinsa. In aka ce masa ya fi ubansa, sai ya gyara hula ya ce, "Allah ya ji ƙan Baba, amma hannu ya fi hannu."

To, maƙeran garin suna da al'ada. Ƙarfensu daga ramin Jan Dutse yake fitowa, dutsen kuwa yana da masu shi. Duk shekara, wuƙar da aka fara ƙerawa da sabon ƙarfe, ana kiranta wuƙar fari, ba a sayarwa, ba a yanka komai da ita, ko babban yatsa ba a ɗora wa bakinta. Kube ake yi mata, a kai ta bakin ramin a ajiye, a juyo ba waiwaye.

Bana ne karon farko da wannan aiki ya faɗo kan Tunau, ya kuwa rantse sai ya nuna wa aljanu abin da ba su taɓa gani ba. Ya zaɓi zuciyar tama, ya dafa ta da gawayin ƙirya, ya ninke ƙarfen ya buga, ya ninke ya buga, har jikinsa ya yi zane kamar sawun ruwa a kan yashi. Ya yi ƙota da baƙin ƙahon ɓauna da zuciyar kanya, ya ɗaure su da zobba uku na jan ƙarfe. Baduku ya ɗinka kube na jar fata, ya yi masa ɗamara da fatar damo. Da aka gama, Tunau ya zauna yana kallonta har abincinsa ya huce. A nan son zuciya ya shigo. Wai wannan za a kai rami a ajiye, ba wanda zai gani balle ya yaba? Ya soke ta a bayan azara, ya buga wata a gurguje. Ƙotar ta biyun ta tsage wajen sa zobe, ya toshe tsagar da ƙaro da garin gawayi, ya goge, ya kai rami. A ganinsa aljani bai san ƙira ba.

Ana cikin hayaniya a ƙofar maƙera sai ga Gwaggo Tabawa, yayar mahaifinsa, ta ratso mutane da sandarta. Ta jefa wuƙar yankan albasarta a gabansa, ta kore kowa waje.

"Me ka kai wa masu dutse?"

"Wuƙa na kai, Gwaggo."

"Na san ba ludayi ka kai ba. Wace wuƙa?"

Idon Tunau ya ci amanarsa, ya ɗaga sama wajen azara. Tsohuwa ta sa sanda ta zunguro, wuƙa ta faɗo cikin zanenta. Ta juya kuben ta juya, ta girgiza kai.

"Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka," in ji ta. "Tashi ka kai musu abinsu, hannu da hannu, tun rana ba ta yi tsaka ba. Ka shiga ramin ka yi ta tafiya. Duk wanda ya tambaye ka, faɗa masa gaskiya ko da za ta kunyata ka. Kada kuma ka zare ta, ko wa ya ce ka zare. Na san halinka, ba ka iya riƙe abu mai kyau ba tare da ka nuna ba."

Tunau ya ɗaura wuƙa a damtse, ya kama hanya da gudu, yana tsoro, amma ƙasan ransa har da ɗoki, don ko ba komai yau za a ga aikinsa. Ya faɗa ramin, ya wuce inda mahaƙa ke tsayawa, ya rarrafa ta wata kafa, sai ga shi tsaye a wata ƙasa mai jan sararin sama. Gabansa kurmin ƙirya ne, kowace bishiya tana ci da wuta ja wur daga saiwa har reshe, babu hayaƙi, ganye ɗaya kuma bai ƙone ba. Zafi ya buge shi har gashin girarsa ya nannaɗe.

Wani tsoho baƙi ƙirin na zaune a tsakiyar hanya, idanunsa garwashi biyu.

"Tsaya, ɗan Adam. Ni ne mai kiwon ƙirya. Ina jin ƙanshin 'ya'yana a jikin abin da ka ɗauko. Ɗanya ka sara ko busasshiya?"

"Busasshiya, ranka ya daɗe. Tsawa ce ta kashe ta a bakin rafi, ta shekara biyu a tsaye kafin in sa mata gatari."

Tsoho ya miƙo hanci ya shinshina kuben, ya lumshe ido. "Haka ne. Wutarta ta yi tsawon rai, ba ta yi tartsatsi ba. Wanda ya san ya jira ice ya bushe bai lalace duka ba. Wuce, amma ka taka inda na tofa."

Ya tofa yawu sau bakwai, kowane ya zama baƙin tabo a cikin garwashin. Tunau ya yi ta tsalle daga wannan zuwa wancan, reshe na faɗowa ta dama, wani ta hagu, gefen rigarsa ya kama ya kashe da tafin hannu. Ya fita da ƙafa ɗaya babu takalmi.

Bai gama numfashi ba ya tarar da kogi, ruwansa na tafasa yana tsuwa irin ta jan ƙarfe in an tsoma shi a kwatarniya. Babu kwalekwale, babu gada. Abin da ya ɗauka tsibiri ne sai ya motsa, ya ɗago kai. Damo ne, tsawonsa ya kai zaure uku.

"Wa nake gani ɗaure a kuben nan?" in ji damo.

Tunau ya dubi kuben. "Ɗan'uwanka ne, ranka ya daɗe. Maharbi ya kamo shi, aka ci naman, ba a yar da komai ba. Baduku ya jeme fatar da bagaruwa, ya ɗinka da jijiya."

"Matso da shi."

Damo ya kafa wa ɗinkin ido, ya bi shi ɗaya bayan ɗaya. Can ya yi wata dariya da ta tayar da igiyar ruwa. "Jikana ne. Da ransa mummuna ne, ga rowa. Sai yanzu ya yi kyan gani. Ka gaida badukun nan, hannunsa ya san darajar fata. Hau, ka kwanta rub da ciki, kada ka ɗaga kai."

Suka shiga ruwa. A tsakiyar kogi sai wasu 'yan kifaye sirara masu walƙiya suka fara tsalle ta kansu, ɗaruruwa, suna keta iska fiu, fiu. Tunau da shegen son gani ya ɗan ɗago, ɗaya ya wuce ya raba hularsa biyu, ya aske masa layi a tsakiyar ka.

"Na ce ka kwanta," in ji damo. "Kaifin garinku ke nan. Da asuba aka kwaso shi aka zuba mini in yi tsaro. Wancan mai lanƙwasa na lauje ne, wanda ya yi maka aski kuwa na wanzaminku ne."

Tunau ya manne da bayan damo yana leƙe ta gefen ido. Wallahi ya gane wasunsu, shi ya wasa su da hannunsa. Ga abincin gari guda yana iyo a gabansa, ba dama ya kama ko ɗaya.

A ɗaya gaɓar akwai ganuwa ta baƙin ƙarfe, ƙofarta ɗaya, ɓauna mai ƙaho ɗaya ta cike ta. Ta dube shi sama da ƙasa, ta hura hanci.

"Kai ne ɗan Jatau? An ce ka fi ubanka. To ni na ga aikinka, ko ƙusa ba zan ba ka ka miƙe mini ba. Ƙahon 'yar'uwata ka samu ka rufe wani ruɓaɓɓen ƙarfe da shi. Kube ne kawai da ƙota, na san ciki babu komai. In ƙarya nake, zare mu gani."

Jinin Tunau ya hau. A duniya ba a taɓa yi masa irin wannan ba, shi da ake zuwa daga garuruwa a yi layi a ƙofarsa. Hannunsa ya kai kan ƙota da kansa. Zarewa ɗaya, hasken ƙarfen nan kaɗai ya isa ya rufe bakin wannan dabba. Har kube ya fara sakin baki, sai ya ji tafin hannunsa a kan zobban nan uku, ya tuna irin zoben da ya tsaga ɗaya ƙotar. Ya mayar da ita, ya sauke hannu.

"Ba zan zare ba, ranki ya daɗe. Cinta na farko ba nawa ba ne. Abin da kika faɗa a kan wadda na aiko kuwa gaskiya ne. Ƙotarta ta tsage, na toshe da ƙaro da garin gawayi, na ce ba za ku gane ba."

Ɓauna ta ƙare masa kallo. Sannan ta ja da baya, ta ba shi hanya. "Wannan ce maganar da aka sa ni in jira. Da ka zare, da kai da garinku kun yi sallama da kaifi har abada."

Birnin da ya shiga duk na tama ne, ja da baƙi, mutanensa dogaye, jikinsu na haske kamar bakin murhu. Ba wanda ya yi masa magana, hanya kawai suke buɗewa, har ya isa wani babban soro. Wata dattijuwa na zaune a kan kujerar dutse, ita ce Magajiyar Tama. Kusa da ita wata matashiya na kwance a kan gado, jariri a gefenta, cibiyarsa ba a yanke ba. Cibiyar kamar jan waya take, tana haske tana dushewa, uwa da ɗa duk sun yi laushi.

Tunau ya zube ya yi gaisuwa.

"Ɗago, ɗan Jatau," in ji Magajiya. "Dubi aikinka. Mu daga wuta aka yi mu, ƙarfe in ya taɓa tafinmu narkewa yake. Abin da ya taɓa shan ruwa ya rayu, ice ko ƙaho ko fata, shi kaɗai wutarmu ba ta ci. Shi ya sa muke ba ku tama, ku kuma ku ba mu wuƙa mai ƙota. Da wuƙar fari ake yanke cibiyar duk ɗan da muka haifa a shekarar. 'Yata ta haihu, ungozoma ta kama wuƙarka, ƙota ta rabe a hannunta, ƙarfen ya zuba ƙasa kamar kunu. Kwana bakwai muna jiran ka tuba. Yau ranar suna, jikana ko kuka bai yi ba. Ka hana mu yanka ɗaya, muka hana ku duka."

Kunya ta rufe Tunau har ya rasa inda zai sa idonsa. Ya kwance wuƙar daga damtse, ya ajiye a ƙasa, ƙota wajensu, baki wajensa.

"Ga taku, ranki ya daɗe. Kyanta ne ya ruɗe ni."

Ungozoma ta ɗauka. Tunau ya tsaya yana kallon yatsunta na wuta suna naɗe ƙahon. Ƙota ba ta ko motsa ba. Ta zare, zanen ƙarfen ya kama hasken soron ya watsa shi a bango, aljanun da ke tsaye suka yi wani gunaguni na jin daɗi. Ta ɗora a kan cibiya, ta ja sau ɗaya. Cibiya ta rabu, jariri ya canyara kuka mai ƙara irin ta masaba, babbar gudumar ƙira, a kan uwar maƙera, uwar ta tashi zaune. Guɗa ta kaure birnin.

"A faɗa wa damo ya saki kifayensa," in ji Magajiya. Ta juyo ga Tunau. "Wuƙarka ta yi. Zo ka ga inda za ta zauna."

Ta kai shi wani dogon ɗaki. Bangon duk wuƙaƙe ne, jeri bisa jeri, kowane maƙeri da layinsa tun daga kakan kakanni. Tunau ya manta da kunya, ya manta da ƙafarsa marar takalmi, ya shiga zagaye kamar an saki akuya a rumbu. Ga mai ƙotar haƙorin dorina, ga mai kuben fatar kada, ga wata siririya da aka yi wa ɗamara da azurfa. Can ya ci birki gaban wani layi.

Wuƙaƙe talatin da uku ne. Ba su fi sauran ado ba, amma ido in ya sauka a kansu ba ya son tashi. Inda ƙaho ya haɗu da kanya ba a ganin gaɓa, sai ka ce tare suka tsiro. Zanen ƙarfen ya fi nasa sau goma ƙanƙanta, yana tafiya daga gindi har tsini ba tare da ya karye ba. Tunau ya dubi tasa da aka rataye a sabon layi a ƙasa, wadda ya hana kansa abinci don kallonta. Kusa da waɗannan, aikin ɗan koyo ce.

"Ranki ya daɗe, wane gwani ne wannan? A wane zamani ya yi?"

"Duba gindin ƙotar."

Ya duba. Ɗigo uku ne da ɗan layi a ƙasa, alamar da ya tashi yana gani a kan kowace wuƙar yankan albasa a gidansu.

"Wata guda yake yi a kan kowace ɗaya," in ji Magajiya. "Shekara talatin da uku bai taɓa tambayar ko mun yaba ba."

Ciwon bayan ke nan.  Tunau ya roƙi izini ya ɗauki ta ƙarshe, wadda tsohon ya yi a shekarar da hannunsa ke rawa. Da yake maƙeri maƙeri ne ko a gaban aljanu, bai san lokacin da ya ɗora babban yatsa a bakinta ba. Bai ji komai ba. Sai da ya ga jini na bin gwiwar hannunsa ya gane ta shige shi. Rabon da wuƙa ta yanke shi tun yana koyon zuga. Ya tsaya yana dariya, hawaye na zuba.

"A bar ni in kai ta gida kwana ɗaya, ranki ya daɗe. Garinmu bai san wanda ya rasa ba."

"Abin da aka ba mu ba ya komawa. Ta ba ka shaidarta a yatsa, ita ce rabonka."

Ɓauna ta goya shi har bakin kogi, damo ya haye da shi ruwan da yanzu babu kifi ko ɗaya, tsohon ƙirya ya miƙa masa takalminsa ya ce a daina yi masa shara a kurmi. Ya fito daga ramin da la'asar sakaliya. Tun daga kan dutse ya jiyo ƙarar magirbi a gonaki, kara na zubewa, mata na waƙa, jan-baki sun tashi sama sun rasa wurin sauka. Ya gangara da gudu.

Gwaggo Tabawa na ƙofar maƙera tana yanka albasa. Ta dubi rabin hularsa da layin askin da ke kansa, sannan ta dubi yatsan da ya naɗe da gefen riga.

"Ka ga na Jatau ke nan," in ji ta.

"Kin sani, Gwaggo? Shekara da shekaru ina ba'a, ba ki ce mini komai ba?"

"Wa ke kai masa tuwo ɗakin baya? Ya ce kada in faɗa, ranar da ka isa gani za ka gani."

Raunin ya warke ya bar farin layi siriri. Da shekara ta zagayo aka narka tama, Tunau ya shiga ɗakin baya ya ja ƙofa, aka ji shi ma bayansa ya fara ciwo. Ranar da ya fito, wani baƙon mahauci ya zo sayen wuƙa, ya gwada ɗaya a gashin hannunsa, ya ce lallai abin da ake faɗa gaskiya ne, ɗan ya fi uban. Tunau ya ajiye masaba, ya ɗaga masa babban yatsa.

"Malam, aikin Baba na kasuwa kuka gani. Ni na taɓa wuƙarsa ta fari."